Baiwar Iska da Bashinta: Tarihin Wani Jigo a Gatana, Bori da Labarun Ƙasar Zamfara

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya tashi a ƙasar Hausa bai taɓa jin labarin mutumin da ya roƙi aljani wata bukata, aka biya masa, sa'an nan biyan bukatar ya zame masa masifa ba. Ana jin irin wannan labari a bakin tsofaffi mata da dare, ana jin sa a wa'azin malamai, ana kuma jin sa a kasuwa in ana gulmar attajirin da dukiyarsa ta taso dare ɗaya. Ba Hausawa kaɗai ke da wannan jigo ba, gama akwai shi a adabin Larabawa da na Girkawa da na Jamusawa, har ya shiga wasannin almara da samarin Amurka da Turai ke yi a zamaninmu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun jigon a cikin adabin baka da al'adu da tarihin Hausawa, tare da mai da hankali ga arewacin Zamfara, watau ƙasar Dauran da Zurmi da Ƙaura Namoda da Shinkafi, inda tarihin Zamfarawa da na Gobirawa da na masu jihadi ya haɗu. Ra'ayin da za mu kare shi ne, aljanin labarun ƙetare yakan cuci mai roƙo ta hanyar murɗa kalmomin da ya furta, amma iskan Bahaushe yakan ba da abin da aka roƙa daidai, sa'an nan ya dawo bin bashi. Wannan bambanci yana da tushe a cikin yadda Bahaushe ya ɗauki kyauta da alkawari.

2.0 Sunayen Masu Bayarwa

Tsohuwar kalmar Hausa ita ce iska, jam'inta iskoki. A yammacin ƙasar Hausa ana kuma cewa ƙwanƙwamai, ana sakaya sunan da cewa mutanen ɓoye. Kalmomin aljani da ifiritu da rauhani da shaiɗan da Iblis duk daga Larabci suka zo, sun biyo Musulunci da littattafansa. Dodo kuwa na tatsuniya ne, wadda Zamfarawa da Gobirawa da Sakkwatawa ke kira gatana, ko da yake akwai shi a wasu tsafe-tsafe na gargajiya. Ya kamata a lura cewa a tunanin gargajiya iska ba lalle ne ya zama mugu ba. Akwai farare akwai baƙaƙe, kuma iska guda yana iya warkarwa yana iya sa ciwo. Abin da ke raba alherinsa da sharrinsa shi ne ko an ba shi hakkinsa ko an hana shi.

3.0 Jigon a Cikin Gatana

An fara rubuta tatsuniyoyin Hausa da boko tun ƙarni na 19, a cikin Magana Hausa na J. F. Schön wanda aka buga a 1885. Daga baya Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa cikin juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne su ma suka fitar da nasu a 1913. In muka haɗa abin da ke cikin waɗannan littattafai da abin da ake faɗi a gidaje, za mu ga baiwar ɓoye tana juyewa mai karɓa ta hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce bashi. Misalinta gatanar mace mai ciki wadda ta shiga wani hali a bakin rafi, Dodo ya fito ya taimake ta, ita kuwa don ta kuɓuta ta yi masa alkawarin abin da ke cikinta. Ta haifi 'ya mace, ta rene ta, ta manta da zancen. Dodo bai manta ba. Sai ran da aka taru bikin yarinyar ya iso yana neman abinsa. Aka yi ta miƙa masa dabbobi da dukiya yana haɗiyewa, bai ƙoshi ba, sai da aka halaka shi kana aka huta. Abin lura a nan shi ne Dodo bai yi ƙarya ba, bai kuma sauya ma'anar maganar kowa ba. Taimakon da aka nema ya yi. Matar ce ta sayi sauƙin yini ɗaya da farashin da ba ta auna ba, kuma wanda aka bi bashin ba ita ce ta ci shi ba.

Hanya ta biyu ita ce sharaɗi. Ta-kitse yarinya ce da wata tsohuwa marar ɗa ta samu daga kitsen sa. Kyawunta ya kai ta gidan sarki, amma da sharaɗin kada ta kusanci wuta ko zafin rana. Kishiyoyi suka matsa mata har ta yi aikin da aka hana ta, ta narke. Baiwar gaskiya ce, sai dai an haife ta tare da abin da zai kashe ta.

Hanya ta uku ita ce hali. A gatanar Ruwan Bagaja, 'yar bora da 'yar mowa sun bi hanya ɗaya, sun gamu da abubuwan al'ajabi iri ɗaya, an kuma ba kowaccensu ƙwai. 'Yar bora, da yake ta yi ladabi ta bi umurni, ta fasa nata ta sami dawaki da dukiya da jama'a. 'Yar mowa, da yake ta yi rashin kunya da kwaɗayi, ta fasa nata sai kutare da makafi suka fito suka rako ta gida. Mai bayarwa ɗaya ne, kyautar ce ta ɗauki kamannin mai karɓa.

To, ina mai murɗa magana a gatana? Gizo ne. Shi ne ya ci bashin giwa da na dorina, ya yi wa kowannensu alkawarin doki, sa'an nan ya miƙa wa kowa bakin igiya ɗaya suka yini suna jan juna. Watau a gatana wayon baki aikin ƙaramin mai rauni ne da ke neman tsira daga manya. Mai ƙarfi irin Dodo ba ya bukatar wayo, domin yana da ikon karɓar abinsa.

4.0 Jigon a Cikin Bori da Tsafi

Abin da gatana ta faɗa da wasa, bori da tsafin Maguzawa sun riƙe shi da gaske. Tremearne ya rubuta a kan bori a 1914, Joseph Greenberg ya yi nazarin Maguzawan Kano aka buga a 1946, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi na borin Maraɗi a 1972, Fremont Besmer ya yi na Kano a 1983, Adeline Masquelier kuma ta yi na Dogon Dutsi a 2001. Duk da nisan wurare da zamani, sun tarar da abu guda, watau dangantakar mutum da iska yarjejeniya ce. Kowane iska yana da irin dabbar da ake yanka masa da launinta, da irin tufafinsa, da kiɗansa. Wanda aka yi wa girka ya ɗauki nauyin wannan hidima har mutuwa, wani lokaci ma nauyin yakan gangara ga 'ya'ya, ya zama abin gado.

Babbar shaida ita ce Doguwa, wadda ake kira Inna don girmamawa da tsoro. An ɗauka tana iya cika wa mutum rumbu ta yawaita masa dabbobi, har ta kwaso albarkar gonar maƙwabci ta kawo masa. Amma in aka yi sakaci da yankanta sai ta juyo cikin gida ta fara da yara. Wannan imani ya bar sawunsa a harshe, domin har yau cutar da ke shanye ƙafar yaro sunanta shan inna, ko a bakin likitan da ya san ƙwayar cuta ce ke kawo ta. Haka kuma Ɗan Galadima, ɗan sarkin birnin iskoki na Jangare, an san shi da ado da kyauta da caca, kuma an ɗauka wanda ya kama yakan yi farin jini amma abin hannunsa ba ya zama.

Dalilin da ya sa jigon ya ɗauki wannan siffa yana cikin zaman Hausawa kansa. A wurin Bahaushe kyauta ba ta tafiya ita kaɗai. Wadda aka kai wa biki ta san za ta rama, har da ƙari. Baran da ubangida ya ba riga da doki ya san ranar da za a neme shi. Karin magana ya ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ya kuma ce alkawari kaya ne. Mutanen da suka saba da wannan tsari, da suka zo siffanta hulɗa da mutanen ɓoye, sai suka siffanta ta da irin hulɗar bara da ubangidan da ya fi ƙarfinsa, wanda ba a iya kai ƙararsa ko'ina.

5.0 Jigon a Cikin Tarihin Sarauta

Masu riwayar tarihin sarakuna ma sun yi amfani da wannan awo wajen bayyana faɗuwar dauloli. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya kawo labarin Dirki, wani abu da aka naɗe da fata ana yanka masa shanu don neman nasara. Sarki Alwali, wanda ya yi mulki daga 1781 zuwa 1807, ya ƙi ba da shanu arba'in da aka nema, ya sa aka fasa Dirki, aka tarar Alƙur'ani ne a ciki. Aka yi masa gargaɗin cewa za a fitar da shi daga Kano kamar yadda ya fitar da abin da ke ciki, kuma masu jihadi suka kore shi. Masanin tarihi zai nemi dalilan faɗuwar Alwali a wurare da dama, amma mai riwaya ya ga bashi ne aka ƙi biya.

A Zamfara labarin ya zo da wata fuska. A ƙarni na 18 Gobirawa suka yi ta gangarowa daga arewa suna neman wurin zama a ƙasar Zamfara mai dausayi. Riwaya ta ce Sarkin Zamfara ya ba su izinin sauka a gonar alƙalinsa, daga nan sunan Alƙalawa ya samo asali. Baƙi suka yi ƙarfi, har a farkon shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara, Sarkin Zamfara Maroƙi ya gudu Kiyawa, a yankin da Ƙaura Namoda take a yau. Kurt Krieger ya tattara riwayoyin wannan zamani a littafinsa na tarihin Zamfara na 1959, Garba Nadama kuma ya yi musu nazari mai zurfi a kundin digirinsa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1977. A nan babu aljani, kuma mai bayarwa ne kyautar ta ci. Duk da haka darasin da masu riwaya ke fitarwa ɗaya ne da na gatanar Dodo, watau an amsa wata bukata ba tare da an auna abin da za ta haifa ba, 'ya'ya da jikoki suka biya. Alƙalawa ita ma ba ta daɗe ba, gama a 1808 rundunar jihadi ta ci ta, aka kashe Yunfa, kuma Muhammadu Namoda na cikin jagororin wannan yaƙi.

6.0 Fassarar da Malamai Suka Yi wa Jigon

Musulunci bai musanta samuwar aljannu ba, amma ya sauya hukuncin hulɗa da su. Aya ta 6 ta Suratul Jinni ta ba da labarin mutanen da ke neman tsari da aljannu, abin bai ƙare su da kome ba sai ƙarin wahala. Aya ta 22 ta Suratu Ibrahim ta nuna yadda Shaiɗan zai barranta da mabiyansa ranar ƙiyama, ya amsa cewa alkawarin da ya yi musu ya saɓa. Malamai suka ƙara da bayanin istidiraji, wanda Hausawa suka fassara da talala, watau a saki wa mai saɓo igiya, a buɗe masa ƙofofin duniya, yana zaton daɗi ne alhali ana jan sa zuwa halaka. Da wannan fassara farashin baiwar iska ya tashi daga akuya da ɗa ya koma imanin mutum da lahirarsa.

Ƙasar Zamfara na cikin wuraren da aka fi yin wannan gwagwarmaya. Abdullahi ɗan Fodiyo ya faɗa a Tazyinul Waraƙati cewa Shehu Usmanu ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara, a ƙarshen shekarun 1780 zuwa farkon na 1790. Ya ambaci wani wuri mai suna Daura, wanda wasu masu nazarin tarihin Zamfara ke dangantawa da Dauran ta yanzu, inda wani malamin Barno, Mustafa Gwani, ya soki Shehu a kan barin mata su halarci wa'azinsa, Abdullahi ya mayar masa da amsa. Wannan muhawara ta shafi zancenmu, domin mata su ne suka fi yawa a bori, su ne kuma masu gatana. A Gobir ma shugabancin bori yana hannun Inna, mace daga gidan sarauta. Wanda ke son sauya abin da ake gaya wa yara game da iskoki dole ya kai ga iyayensu mata. Wannan aiki ne Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ci gaba da shi ta hanyar 'yan taru da jajjinsu.

Akwai kuma wani abin da ya faru wanda ya zama kamar amsa ga jigon gaba ɗaya. Wajen 1788, a taron Idi a Magami, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya yi wa malamai kyauta, ya ba Shehu zinariya misƙali 500. Shehu ya ƙi karɓa, ya nemi abubuwa biyar a maimakonta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki 'yan kurkuku, a kuma sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Duk Bahaushen da ya ji wannan labari ya fahimci abin da ke ciki ba sai an yi masa sharhi ba, domin wanda ya karɓi zinariyar sarki ya zama baransa. Ko abin da aka amince da shi ma bai dawwama ba, gama Nafata ya zo ya soke yawancinsa, ya hana rawani da lulluɓi da wa'azin kowa ban da Shehu.

7.0 Shigowar Aljani Mai Murɗa Magana

Aljanin da ake gwada wayo da shi ya fi fitowa a littattafan da suka zo daga waje. A Dare Dubu da Ɗaya, wanda aka buga fassararsa ta Hausa a 1924, akwai masuncin da ya buɗe tulun da aka rufe da hatimin Annabi Sulaimanu. Ifiritun da ke ciki ya daɗe yana alkawarin arzuta wanda ya fitar da shi, da jira ya ishe shi sai ya rantse zai kashe mai fitar da shi, gatan da zai yi masa kawai shi ne ya zaɓi irin mutuwar da yake so. Masunci ya tsira da dabara, ya sa shi ya koma cikin tulu don ya tabbatar da cewa zai iya shiga. Daga wannan taska marubutan farko irin su Abubakar Imam da Bello Kagara suka ɗebo, aljannu suka cika Ruwan Bagaja da Ganɗoki na gasar 1933 da kuma Magana Jari Ce.

A Turai jigon ya bi hanya biyu. Ta farko ita ce ta Sarki Midas na Girkawa, wanda ya roƙi duk abin da ya taɓa ya zama zinariya, abincinsa ma ya zama zinariya. A wannan layi ne gajeren labarin W. W. Jacobs na 1902 yake, inda iyaye suka roƙi fam 200, suka same su a matsayin diyyar ɗansu da inji ya kashe. Ta biyu ita ce ta Faust, wanda aka fara buga labarinsa a Jamus a 1587, mutumin da ya rubuta wa Shaiɗan takardar sayar da ransa. Hanyoyin biyu suka haɗu a wasan Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. A wannan wasa mutane kan zauna a tebur, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mai jan wasa yana ba da labari yana yanke hukunci. Mafi girman sihiri a ciki shi ne na biyan buri, kuma dokokin bugun 2014 sun ba mai jan wasa damar juya roƙon da ya wuce kima: wanda ya roƙi mutuwar abokin gaba ana iya jefa shi wani zamani mai zuwa da abokin gabar ya riga ya mutu, wanda ya roƙi wani makami ana iya kai shi gaban mai makamin. Saboda haka 'yan wasan sukan tsara roƙonsu kamar takardar lauya, suna toshe kowace kafa.

A nan bambancin ya fito fili. Al'ummar da ta dogara da rubutacciyar yarjejeniya tana tsoron kalmar da aka bari a buɗe, maganinta kuwa shi ne iya tsara magana. Al'ummar da ta dogara da biki da barantaka tana tsoron nauyin da kyauta ke ɗorawa, maganinta kuwa shi ne ladabi, da cika alkawari, da sanin kyautar da ba a karɓa. Babu gatanar da ta koya wa yaro yadda zai tsara roƙonsa ga Dodo. Abin da take koya masa shi ne kwaɗayi mabuɗin wahala.

8.0 Kammalawa

Jigon bai tsufa ba. A 2010 aka gano yara fiye da 400 sun mutu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Bagega, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalilin mutuwar sananne ne ga likitoci, kuma talauci ne ya tura iyayen ga aikin, ba su san abin da ke cikin ƙurar ba. Amma siffar abin, watau arzikin da ya shigo gida ya fara da yara, ita ce siffar da gatana da bori suka daɗe suna faɗakarwa a kanta, kuma mai aikin wayar da kai da ya san wannan ya sami harshen da zai yi magana da jama'a.

Abin damuwa shi ne, tun wajen 2011 rashin zaman lafiya ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a ƙasar Zurmi da Shinkafi da Ƙaura Namoda, kuma gatana ba ta rayuwa sai inda ake hira da dare cikin kwanciyar hankali. Yawancin abin da aka rubuta a kan iskoki daga Kano da Maraɗi da Dogon Dutsi aka samo shi. Ya rage ga sassan Hausa na jami'o'inmu da kwalejojin ilmi, da malaman makarantun da suka fito daga wannan yanki, su nemi tsofaffin Dauran da maƙwabtanta duk inda suka sami mafaka, su ɗauki gatanarsu da karin harshensu kamar yadda suke faɗi, tun suna da rai.